Matakalar Inna da Sashe na Ɗaya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Nazari, Bita da Sake Bitar Dokokin Zaman Jama'a, jagoran masu shawara, uban kwamitoci, wanda ko maƙiyinsa bai taɓa zarginsa da gaggawa ba; da kuma mambobin hukumar masu daraja, waɗanda ke kan kujera yau da waɗanda za a naɗa gobe.

Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙarami ke yi wa manya, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku duka, babu mai tari, babu mai ciwon baya, babu wanda likita ya ce wa ya je gida ya huta. Kada Mai Girma ya ɗauki wannan fata a matsayin cikon takarda. In ka daure ka karanta zuwa ƙasa, za ka ga duk garin nan babu wanda lafiyarku ta dama kamar ni, har da iyalanku.

Ni mai rubutun allo ne. Ba ka san fuskata ba, amma kullum kana wucewa ta ƙarƙashin aikina, don allon da ke saman ƙofar hukumarku hannuna ne. Shi ya sa in na ji 'yan gari suna cewa hukumar nan ba ta taɓa canza komai ba, nakan tsaya in kare ku. Ni da kaina na rubuta sunanku lokacin da kuke Hukumar Nazari kawai, na sake hawa da kuka ƙara Bita, na kuma hawa da Sake Bita ta shigo, har sai da kafinta ya ƙara wa allon katako don sunan ya samu wurin miƙe ƙafa. Duk wanda ya ce wannan ba ci gaba ba ne, bai taɓa riƙe burushi ba.

Buƙatata ɗaya ce, kuma ƙarama ce a wurin manya irinku. Ina so mahaifiyata ta sauko daga bene ta je ta duba ƙanwarta da ke kwance ba lafiya. Na san za ka ce ina ruwan masu duba doka da saukowar tsohuwa, don haka bari in warware maka zare da abawa.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gidan bene a bakin titi: shago da ɗakin ajiya a ƙasa, ɗakunan kwana da baranda a sama. Da dattawa suka zauna rabo, sai suka ga abin ya zo da sauƙi, 'ya'ya biyu, hawa biyu. Wana ya ɗauki ƙasa, ni na ɗauki sama, Inna ta ce ita ba ta neman komai illa ɗakin da aka kawo ta. An lissafa ƙofofi, an lissafa tagogi, har famfon tsakar gida sai da aka faɗi mai shi. Matakala ce kawai ba wanda ya tuna da ita, don kowa ya ɗauka matakala kamar gaisuwa take, ba ta kowa ba ce. Ita kuwa gindinta yana cikin shagon, kanta kuma yana bayan wata ƙofa a wajenmu.

Daga baya wana ya sayar da rabonsa ya koma wani gari. Wanda ya saya mai sayar da katifa ne, kuma mun zauna lafiya da shi har ranar da ruwan wankin maiɗakina ya ɗiga daga baranda a kan katifun da ya jera a waje. Ya ɗaga kai ya yi magana, ta leƙo ta mayar masa. Ban ji duka ba, amma an tabbatar mini ta kira hajarsa buhunan tsumma a gaban wani mai ciniki, mai cinikin kuma ya fasa. Washegari na tashi zan sauka in tafi aiki na tarar da ƙofar matakala a kulle, an cushe bayanta da katifu tun daga ƙasa har sama. Ta taga na kira abokin sana'ata ya kawo mini tsanin da nake hawa in rubuta allo. Na jingina shi da niyyar kwana biyu, yau ga shi ƙafafunsa sun yi rami a ƙasa.

Na kai ƙara. Alƙali ya buɗe kundi ya karanto mana doka tun ta zamanin kakanni, wadda ta ce duk wanda filinsa ke kewaye da filayen wasu yana da haƙƙin wucewa, shi da dabbarsa. Lauyan Mai Katifa ya miƙe ya ce ɗakin bene ba fili ba ne, kuma ni ba ni da dabba. Nawa lauyan ya ce mu fara toshe ɓaraka ɗaya, in nemi akuya. Ranka ya daɗe, ni da furfurata na goya akuya na hau tsani da ita, 'yan titi suna ba ni shawarar inda zan sa ƙafa. A zama na gaba alƙali ya yarda cewa batun dabba ya kammala, saura batun fili, kuma shi ba ya ƙera doka, karanta ta yake yi. Ya ce an miƙa wa hukumarku wannan sashe don ku duba ku ba da shawara, kowa ya koma gida ya jira. Na koma ta taga.

Kafin wani daga cikin mambobi ya kawo shawarar in gina matakala ta waje, ina sanar da shi cewa na riga shi. Masu ba da izinin gini sun ce gindinta zai sauka ko dai a ƙasar Mai Katifa ko a titin hukuma, kuma duk biyun ba nawa ba ne. Tsani kawai aka yarda da shi, don shi ba gini ba ne, baƙo ne. Ni da maiɗakina da yara mun saba. Inna ce ba ta taɓa taka shi ba, kuma gwiwoyinta ba za su bari ba ko da ta so. Masu kashe gobara sun yi mana kirki sun ce za su sauko da ita a kujera da igiya. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, “Da ƙafata na hau matakalar nan ina amarya, da ƙafata zan sauka. Ni ba buhun siminti ba ce da za a zuro ni mutanen titi suna kallo.” Wanda ya san Inna ya san an rufe wannan babin.

To, ga koke-kokena, in jero su yadda kuke son abu, bi da bi.

Na ɗaya. Da na ga shiru ya yi yawa, na je ofishinku, Sakatare ya karɓe ni hannu biyu ya bayyana mini tsarin aikinku. Ya ce kuna karanta kundin ne tun daga sashe na ɗaya, ba tsallake, ba leƙen gaba. Ya ce kuma duk ranar da aka naɗa sabon mamba sai a koma farko, don bai dace mutum ya sa hannu a kan abin da ba a karanta a gabansa ba. Na jinjina wa wannan adalci. Sai dai na lura mambobinku duk manyan mutane ne da suka ga jiya suka ga yau: wannan a ɗaga shi zuwa babban muƙami, wancan ya yi ritaya, wani likita ya hana shi zama mai tsawo, wani Allah ya yi masa rasuwa. Sashen hanya kuwa, wanda alƙali ya miƙa muku, yana can bayan tsakiyar kundi. Sashe na ɗaya, an ce mini, bai ƙunshi komai ba illa sunan dokar da ranar da ta fara aiki. Shin akwai wani sashe a duniya da ya samu gatan da wannan ya samu? Akwai abin da yake ɓoyewa ne, wanda sai an yi ta zagayowa za a kama shi? Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni dai kullum ina kan tsani, kuma na yarda ban hango ba.

Na biyu. Wannan tsari naku ya ɓata mini hali, kuma ina so a rubuta haka. Da can ni mutum ne mai taya kowa murna. Amma ranar da rediyo ya sanar an ba ɗaya daga cikinku babbar kujera a wata ma'aikata, jama'a suna ta yi masa fatan alheri, ni zama na yi a gindin tsani na haɗa kai da gwiwa. Tun daga nan addu'ata a kanku ta zama mai reshe biyu: Allah ya ja da ranku, Allah kuma ya sa kada wani ya lura da ƙwazonku. Nakan tsaya a tsallaken titi da safe in duba yadda kowannenku ke fitowa daga mota, wa ke ɗingishi, wa ya rame. Na taɓa tsayar da direban dattijon cikinku na nuna masa tayar baya ta suɗe, har ya ɗauka ni ɗan'uwan maigidansa ne. Da mai gadi ya gaya mini wata mamba tana fama da tari, zuma da citta na aika mata. Maiɗakina ta gani ta ce, “Ni da na yi wata guda ina tari, ruwan zafi ka ce in sha.” Ta yi gaskiya. In ita ta kwanta, girki ne zai tsaya. In waccan ta kwanta, sashe na ɗaya ne zai dawo. Wane irin miji kuka mayar da ni?

Na uku. Na halarci taronku na jin ra'ayin jama'a, wanda kuka yi a hawa na can sama na wani babban otal. Na yaba da na'urar da ke ɗaga mutum sama ba ya ko taka matakala. Na shiga na fita na sake shiga, har ma'aikaci ya tambaye ni ko na ɓata ne. An yi jawabin maraba, an yi jawabin godiya ga wanda ya yi jawabin maraba, an tashi shan shayi. Da aka ba jama'a dama na ɗaga hannu na fara bayanin Inna, sai aka tsayar da ni cikin ladabi aka ce sashen da ke gaban hukuma yau shi ne na ƙudan zuma: in sun tashi daga amyar mutum sun sauka a bishiyar maƙwabcinsa, na wa ne? Na zauna na saurara, kuma na ƙaru ƙwarai. Wani masani ya ce na mai amya ne muddin yana bin su da gudu, wani ya ce in ya tsaya shan ruwa fa? Aka kafa ƙaramin kwamiti a kan shan ruwan. Ban raina ƙudan zuma ba, ranka ya daɗe, halittar Allah ne. Amma su suna da fukafukai, duk inda hukunci ya faɗa za su iya tashi su bar shi. Tsohuwar da ba ta da ko gwiwa, ba ita ya kamata a fara ji ba?

Na huɗu. Ina so hukuma ta san yadda ake rayuwa a ƙarƙashin sashen da ba a kai gare shi ba. Cefane da guga muke jawo shi. Likitan Inna yakan tsaya a ƙasa ya yi mata tambayoyi da ƙarfi, ita ta amsa ta taga, don haka babu mai shago a layinmu da bai san abin da ya kamata ta daina ci ba. Da dangin wanda ke neman 'yata suka zo gaisuwa, sai da baffansa ya naɗe babbar rigarsa ya cije bakinta da haƙori kafin ya hau, kuma ya iso sama ba ya iya ko sallama. Akuyar shari'a tana baranda, ta cinye tabarma biyu da igiyar shanya, ta kuma saba da Inna har tana kwana a ƙofar ɗakinta.

Shi Mai Katifa ba dodo ba ne, kada ku ɗauka haka. In ana iska shi ke fitowa ya riƙe mini tsani. Ya shimfiɗa katifa a gindinsa saboda tsaro, ya kuma sa na rubuta masa ɗan allo a gefenta mai cewa wanda ya faɗa ya saya. Na rubuta, don aiki aiki ne. Kullum da safe yakan ɗaga kai ya gaida Inna, ita kuma ta tambaye shi yara. Na roƙe shi ba sau ɗaya ba, na tura masa dattawa, amsarsa ba ta canzawa: “Malam, wallahi fushin nan ya daɗe da wucewa. Amma lauyana ya ce in na buɗe da kaina ko sau ɗaya, na amince ke nan, matakala ta fita hannuna har abada. Ranar da doka ta ce in buɗe, ni zan riƙe wa Inna hannu.” Kun ga ke nan shi ma ku yake jira. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, to ni ma na rasa yadda zan yi fushi da mutumin da ke riƙe mini tsani, shi ya sa na juyo gare ku.

Ƙanwar Inna kuwa, wadda muke kira Ƙaramar Inna, tana can ɗaya gefen gari a gidan ɗanta. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Tun da ciwo ya kwantar da ita ba ta iya zuwa, dama ko tana lafiya ba mai hawa tsani ba ce. Suna waya, amma duk biyun kunne ya yi nauyi: wannan tana tambayar jiki, waccan tana ba da labarin wata maƙwabciya da ta rasu tun muna yara, kowace ta ce “haka ne” a inda ba haka ba ne. In an kashe wayar Inna takan daɗe riƙe da ita a cinya. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Na biyar, kuma a nan nake roƙon Mai Girma ya gyara zama. Na daɗe ina naci a kan ku zo ku gani da idonku, don gani ya kori ji. A bara Allah ya ba ku lafiya mai ɗorewa, ba wanda aka ɗaga, ba wanda ya kwanta, har mai gadi ya raɗa mini cewa kun wuce ƙudan zuma, kun wuce rijiyar tarayya, sashen hanya ya kusa. A cikin wannan alheri ne kuka amsa roƙona. Sai dai kun zo ba sanarwa, wata ranar aiki da hantsi, ina tsakiyar haɗa fenti.

Yawancin mambobi sun duba matsalar daga cikin mota, gilashi a rufe, kuma na fahimce su. Amma akwai wani tsohon alƙali a cikinku, mutum mai cika ido da cika kujera, wanda ya ce shi ba zai sa hannu a kan abin da bai taka ba. Allah ya saka masa da alheri, shi kaɗai ya hau. Tsanin ya yi ƙara irin wadda ban taɓa ji ba, Mai Katifa ya ƙaro katifa ta biyu ba tare da an roƙe shi ba. Ya isa sama lafiya, ya durƙusa ya gaida Inna, ta ba shi ruwa, ya duba ƙofar matakala ya girgiza kai. Da ya gama ya zo bakin taga zai sauka, ya leƙa ƙasa, sai ya koma ya zauna a bakin gadon Inna ya ce a ba shi wani ruwan. An lallashe shi, an riƙe tsani mutum huɗu, ya ce shi da tsanin nan sai a lahira.

Abin da ya biyo baya ya ƙara mini imani da hukuma. Sakatare ya shiga shago, aka kira lauyan Mai Katifa a waya, aka amince cewa buɗewa saboda aikin gwamnati ba amincewa ba ce. Kafin in gama goge hannuna an janye katifun, na ji ƙarar makulli. Abin da kotu ta kasa, abin da dattawa suka kasa, tsoron mutum ɗaya ya yi shi kafin shayi ya huce.

Na ruga ɗaki na ce, “Inna, an buɗe, tashi!” Ta miƙe da saurin da na manta tana da shi, ta yafa mayafi, ta dubi ƙasa ta ce ina takalmanta. Ranka ya daɗe, wa ke sanin inda takalmin mutumin da ya yi shekara da shekaru bai taka ƙasa ba yake? Muka duba ƙarƙashin gado, muka zazzage akwati. Maiɗakina ta cire nata ta miƙa, ƙafar Inna ta kumbura ba su shiga ba. Na ce ta taho haka, zan saya mata a hanya. Ta ce, “In je wa ƙanwata ba takalmi, ta ce ɗana ya lalace?”

Muna cikin wannan ne akuya ta ga ƙofa a buɗe. Tsohon alƙali yana tsakiyar matakala, yana taka ledar katifa a hankali, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Sauran matakalar da bayansa ya ƙarasa ta. Aka yi ca a kansa, aka ɗauke shi zuwa mota, motoci suka tashi. Mai Katifa ya tsorata kada a ce a shagonsa babban mutum ya karye, ya maida ƙofa ya datse, ya hau cusa katifu. A daidai lokacin maiɗakina ta tuna ta ɓoye takalman a cikin tukunya a saman kabad, don kada akuya ta cinye su. Inna ta sa su, ta zo ta tsaya a bayan ƙofar da aka rufe. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, “Ba a fafe gora ranar tafiya,” ta koma ɗaki.

Ina so a rubuta a rahotonku cewa dokar kakanni ta yi aiki rabi a ranar. Ta ce mutum ya wuce shi da dabbarsa. Dabbar ta wuce, kuma har yau ba mu sake ganinta ba.

Tsohon alƙali ya ajiye aiki saboda bayansa, ina masa fatan sauƙi da zuciya ɗaya. An naɗa wani a madadinsa. Da na je ofis, Sakatare ya tare ni da fara'a ya ce sabon mamban mutum ne mai kaifin basira, har ya kawo wata tambaya a kan sashe na ɗaya da ba a taɓa yi ba. Na yi masa godiya na fito. Ni na roƙi ziyarar nan da bakina, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Na shida, a taƙaice. Sakatare ya kuma tunatar da ni, don kada in ɗora buri da yawa, cewa ku masu shawara ne kawai. In kun kai sashen, za ku rubuta shawara, a kai wa ma'aikata, ma'aikata ta kai wa majalisa, majalisa ta kafa kwamitinta, kwamitin kuma yana iya dawo muku da ita don ƙarin haske. Na gode da wannan gaskiya. An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Amma wanda ya yi karin maganar nan, ya faɗi ko wanda za a je wurinsa zai jira?

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina gabatar da shawara ga masu shawara. Tunda dole ne a karanta kundin duka a gaban kowane sabon mamba, me zai hana wannan karon a buɗe shi ta tsakiya? Sashe na ɗaya ba zai yi fushi ba, ya sha ziyara. In kuma tsari ya hana, to ina roƙon wata ziyarar gani da ido, da sharaɗi biyu: a sanar da ni tun da wuri, a kuma turo mamban da ya fi kowa nauyi da tsoron tudu. Na yi alkawarin share ledar matakala da hannuna, kuma babu sauran dabba a gidan. Zai sauka lafiya lau, ba sai an naɗa kowa a madadinsa ba.

Wannan karon ba za a jira Inna ba. Tun daga ranar nan, kullum in gari ya waye takan yi wanka, ta yafa mayafi, ta sa takalmanta, ta ja kujera ta zauna a bayan ƙofar matakala har rana ta faɗi. In ta ji mota ta tsaya a waje sai ta ce a leƙa a gani ko manyan ne. A makon nan ɗan Ƙaramar Inna ya zo ya tsaya a gindin tsani, bai hau ba, ya ce mini jikin ya yi nauyi, ta daina karɓar waya, ba ta kiran sunan kowa sai Yaya. Ban gaya wa Inna ba, amma tagarta a buɗe take, kuma ashe kunnen da ba ya jin waya yana jin irin wannan.

Jiya ta gan ni ina wannan rubutu ta tambayi wa nake rubuta wa. Na gaya mata. Ta ce, “Ka daina wahalar da manyan mutane, suna da aiki. Ai akwai ranar da Mai Katifa zai buɗe ƙofar nan ba sai doka ta ce ba. Ba a fitar da gawa ta taga.” Na yi dariya don kada ta ga fuskata, na ce Inna ke dai ba kya rabo da zolaya. Ita ba ta yi dariya ba, ta sunkuya tana gyara maɗaurin takalminta.

Ranka ya daɗe, ta faɗi gaskiya, ranar nan tana tafe, kuma ba ta jiran a cika kujeru kafin ta zauna. Ban roƙe ku ku yi gaggawa ba, na san ba a san ku da ita ba. Roƙona kawai ku riga ta isowa.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ya tsare shi daga ƙarin girma, ya dawwamar da kowane mamba a kan kujerarsa.

Naka mai biyayya, mai ɗaga kai ya dube ku duk da yana sama,

Mai Rubutun Allo,
ɗan tsohuwar da ke bayan ƙofa.